In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Horon Kare Kai a Bakin Layin Dogo, Misali Daga Kafanchan

Gabatarwa

Ni haifaffen Kafanchan ne, kuma gidanmu bai fi jifa biyu daga layin dogo ba. Ina ɗan shekara goma ko sha ɗaya aka aike ni kasuwa wata rana da hantsi. A kan hanyarmu akwai jerin taragu da suka daɗe a tsaye wuri guda, har ciyawa ta fito tsakanin ƙafafunsu. Babba da yaro ba wanda yake zagayawa, kowa sunkuyawa yake yi ya bi ta ƙarƙashi. Ina tsakiyar rarrafe a ƙarƙashin wani tarago sai na ji ƙarar ƙarfe daga can nesa, tana tafe tana bin taragun ɗaya bayan ɗaya, kafin in ankara wanda nake ƙarƙashinsa ya motsa. Motsin bai fi taku guda ba. Na fito da rarrafe, na bar takalmina ƙafa ɗaya a wurin, ban kuma koma ɗaukarsa ba.

Kakana tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ya fara da lebura, ya bar aiki yana helma, wato shugaban ayarin masu gyaran dogo. Da labari ya iske shi bai dake ni ba, bai kuma yi mini wasan da kaka yake yi da jika ba. Washegari da sassafe ya kama hannuna muka tafi bakin dogo, ya ce, "Abokina, jirgin da ka san lokacinsa ba ya kashe ka. Wanda ka ce ba zai zo ba, shi ne mai kisa." Daga ranar ya shiga koya mini abin da aka koya masa a bakin aiki.

Manufar wannan maƙala ita ce in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai abin da horon kare kai a layin dogo ya ƙunsa, da dalilin da ya sa aka gina shi yadda aka gina shi. Zan kuma nuna cewa kaso mai yawa na wannan horo magana ce da saurare, saboda haka mu masu nazarin harshe muna da aiki a cikinsa.

Kafanchan da Layin Dogo

Kafin a shiga bayanin horo, ya kamata mai karatu ya san irin wurin da ake magana a kai. Dogo ya iso Kano a 1911. Hausawa ba su manta da wahalar shimfiɗa shi ba, domin har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi waƙa a kan wannan aiki, wadda aka sani da Waƙar Diga. Bayan wannan layi na yamma, sai Turawan mulkin mallaka suka taso da wani daga Fatakwal, ya isa Inugu a 1916 saboda kwal, ya ci gaba ta Makurɗi ya nufo arewa. A 1927 aka haɗa shi da Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos saboda kuza. Inda waɗannan hanyoyi uku suka haɗu shi ne Kafanchan, a ƙasar mutanen Fantswam. A 1932 aka buɗe gadar Makurɗi a kan kogin Binuwai, a 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, sannan tsakanin 1958 da 1964 aka ja layi daga Kuru, kusa da Jos, har zuwa Maiduguri.

Wannan ya sa Kafanchan ta zama mahaɗa. Hanya ɗaya ta bi ta Zonkwa zuwa Kaduna, ɗaya ta bi ta Kagoro da Manchok ta hau tudun Jos, ɗaya kuma ta gangara ta Jagindi da Gudi da Lafiya zuwa Makurɗi. Ma'aikata suka zo daga kowane sashe na ƙasar nan, Ibo da Yarbawa da Hausawa da Tibi da sauransu, suka tarar da Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da Kagoro da Kaninkon da Fulani. Har fadar Sarkin Jama'a ta dawo Kafanchan a 1933. Ka ga ke nan tun farko garin taron harsuna ne, kuma Hausa ce ta zama harshen da lebura yake magana da lebura.

Daga baya harkar jirgi ta ja baya, har jiragen suka yi ƙaranci ƙwarai a wannan layi. Mutum zai zaci ƙarancin jirgi shi ne ƙarancin haɗari. A wajen mazauna bakin dogo kuwa ba haka abin yake ba, domin sabo turken wawa ne. Da jirgi ya daina zuwa kullum, sai dogo ya zama hanyar ƙafa da wurin shanya da wurin kiwo da wurin kasa kaya, aka kuma haifi yara irina waɗanda ba wanda ya taɓa gaya musu cewa tarago mai tsayuwa yana iya motsi.

Me Ya Sa Jirgi Ba Ya Kauce wa Mutum?

Duk ƙa'idojin da za a ambata a gaba sun taso ne daga abubuwa huɗu game da halittar jirgin kansa.

Na farko, jirgi ba shi da sitiyari. Inda dogo ya nufa nan yake nufa. Direban mota yana iya kaucewa, direban jirgi kuwa abu biyu kawai yake da su, birki da oda.

Na biyu, birkin ba ya tsayar da shi nan take. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, dogo ma ƙarfe ne, kuma inda suke taɓa juna bai fi faɗin ƙaramin kwabo ba. Wannan santsi shi ne albarkar jirgi, shi ya sa inji guda yake jan kayan da manyan motoci da yawa ba za su ɗauka ba. Amma shi ne kuma yake hana shi tsayawa da wuri. Akwai wata ƙungiyar wayar da kai a Amurka mai suna Operation Lifesaver, wadda aka fara a jihar Idaho a 1972. Ƙiyasin da take koyarwa shi ne, jirgin kaya mai gudun kusan kilomita 90 a awa yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya, ko da an danna birkin gaggawa. Ma'ana, a mafi yawan lokuta sa'ad da direba ya hango ka, lokacin tsayawa ya riga ya wuce. Idan aka yi ruwa dogo ya jiƙe, ko jirgi yana gangara, nisan ƙaruwa yake yi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku, Kafanchan kuwa tana ƙasa da ita da ɗaruruwan mitoci, ga shi yankin yana cikin masu samun ruwan sama da yawa a Arewa.

Na uku, jirgi ya fi dogo faɗi. Tsakanin ƙarafa biyu na tsohon layinmu milimita 1,067 ne, wato mita ɗaya da 'yan kai. Amma jikin tarago yana zarce ƙarfe ta kowane gefe da abin da ya kusa mita guda. Wanda ya sauka daga kan dogo ya tsaya a gefen ƙarfe yana ganin ya kauce, alhali yana kan hanya. Ƙari a kan haka, akwai igiya ko waya ko ƙofar da ta ɓalle tana lilo, ga kuma iskar da jirgi mai gudu yake ja, wadda take iya fizgar babbar riga ko mayafi.

Na huɗu, ido da kunne suna yaudarar mutum. Babban abu in yana tafe, gani ake kamar a hankali yake tafiya, kamar yadda ake ganin jirgin sama idan zai sauka. Jirgin da yake gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda, mai gudun kilomita 100 kuma kusan mita 28. Ƙararsa ma ba abin dogaro ba ce, musamman idan iska tana kaɗawa ta wani ɓangare, ko akwai kwana da tudu, ko mutum ya toshe kunne da abin jin waƙa. Taragon da ya kuɓuce shi kaɗai ba inji ya fi kowanne shiru. A watan Fabrairun 2004, a Tebay ta ƙasar Ingila, wani taragon ɗaukar ƙarafa ya kuɓuce cikin dare ya gangara, ya kashe ma'aikata huɗu da suke gyara a kan dogo, ba su ji zuwansa da wuri ba.

Abin da Ake Koya wa Ma'aikaci

A ƙasashen da harkar jirgi ta kafu, ba a barin mutum ya taka dogo da sunan aiki sai ya sami horo. A Ingila, misali, sai an duba lafiyarsa, musamman gani da ji, an koyar da shi, ya ci jarrabawa, sannan a ba shi katin shaida wanda ake sabuntawa lokaci-lokaci. Ana duba ido ne har da iya bambance launi, domin wanda ba ya rarrabe ja da kore ba zai karanta tuta ko fitila ba. A nan gida akwai cibiyoyin koyar da harkar sufuri, kamar Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya da ke Zariya, wadda aka kafa a 1986. Kakana bai shiga aji irin wannan ba, a bakin helmansa ya koya. Amma da na girma na karanta ƙa'idojin zamani, sai na ga ruhinsu ɗaya ne da abin da ya koya mini. Ga muhimmansu:

Sanin wurin tsira kafin a fara aiki. Kafin a sauke diga ko shebur, helma yakan tara mutanensa ya nuna musu inda kowa zai tsaya idan jirgi ya taho. A ƙa'idar Ingila, wurin tsira shi ne aƙalla mita ɗaya da kwata daga ƙarfe mafi kusa, ko mita biyu idan gudun jirgi ya wuce kilomita 160 a awa, kuma dole mutum ya kasance a wurin aƙalla daƙiƙa goma kafin jirgi ya iso. Wannan shi ne mafi ƙaranci ga wanda aka horar. Ga sauran jama'a, gwargwadon nisanka gwargwadon lafiyarka. Wuraren da suka fi wahala su ne kan gada, da inda aka fasa dutse ko tudu aka bi da dogo, domin babu wurin raɓewa. Irin waɗannan wurare ba a shiga sai an tabbatar an tare hanya.

Ajiye mai tsaro. Mutumin da ya sunkuya yana ɗaure noti ba zai iya kallon hanya ba. Saboda haka ake ware mutum guda, a ba shi tuta da usur, aikinsa kallo kawai. Ba ya riƙe wa kowa guduma, ba ya hira, ba ya duba waya. Inda zai tsaya ma lissafi ne. A ce ayari yana bukatar daƙiƙa 25 kafin kowa ya ɗauke kayan aiki ya isa wurin tsira ya natsu, jirgi kuma yana gudun kilomita 60 a awa. Idan aka ninka 25 da mita 17, za a sami mita 425. To dole mai tsaro ya iya hango jirgi daga wannan nisa ko fiye. Idan kwana ko hazo ya hana, sai a ƙara wani mai tsaron a gaba, ko a dakatar da aiki. Kakana ya ce a lokacin hunturu, ranar da ƙura ta yi kauri, sun sha zama a gefe suna jiran gari ya washe, kuma ba wanda ya kira wannan lalaci.

Amsa gargaɗi. Idan mai tsaro ya busa usur ko direba ya yi oda, ma'aikaci yakan matsa zuwa wurin tsira, sannan ya ɗaga hannu ɗaya sama don a san ya ji. Ba ya komawa sai helma ya ce a koma, domin inda layi ya fi ɗaya, jirgi na farko yakan ɓoye na biyu.

Iya tafiya. Tafiya ma koyonta ake yi. Ba a taka kan ƙarfe, domin yana da santsi. Ba a dogara da katako ko ƙarfen da aka gitta a ƙarƙashinsa idan ya jiƙe ko ya sha mai. Ba a sa ƙafa a tsakanin harsunan ƙarfe inda ake sauya wa jirgi hanya, domin ana iya motsa su daga nesa su datse ƙafa. Inda layi biyu ne, ana tafiya ana fuskantar inda jirgi zai fito. Amma galibin tsohon layinmu guda ɗaya ne, jirgi yana iya fitowa ta gaba ko ta baya, saboda haka ɗaga kai da waiwaye ba sa yankewa.

Girmama tarago mai tsayuwa. Wannan shi ne darasin da na biya da takalmi. Tsakanin tarago da tarago akwai ɗan sako-sako a mahaɗinsu. Idan inji ya taɓa jerin daga can ƙarshe, motsin yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda shi ne ƙarar da na ji. Direban yana iya kasancewa da nisan ɗaruruwan mitoci, bai san da kai ba. Don haka ba a bi ta ƙarƙashi, ba a haurawa ta tsakani, ba a zama a inuwarsa. In za a zagaya, kakana ya ce a bar aƙalla tsawon tarago guda tsakaninka da na ƙarshe.

Tare hanya. Idan aikin ya kai ga cire ƙarfe, kallo kawai bai isa ba, sai an hana jirgi shigowa gaba ɗaya. Ana sanar da tashoshin da ke gaba da baya, a kafa jar tuta da nisa. A tsohon tsari akwai wasu 'yan gwangwanaye masu ɗan albarushi da ake ɗaurawa a kan ƙarfe. Idan ƙafar jirgi ta taka su sai su fashe da ƙara, direba ya san akwai haɗari a gaba ko da bai ga tuta ba. A layi mai hanya ɗaya kuma akwai dabarar sanda: ba direban da zai shiga tsakanin tasha biyu sai yana riƙe da sandar wannan yanki, kuma guda ɗaya ce take fita a lokaci guda. Hikimar ita ce kada a bar ran mutane a hannun "ina zato".

Sanin ciwon dogo. Mai gyara yana koyon karanta dogo kamar yadda makiyayi yake karanta garke. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi. Dogo mai tsawon kilomita ɗaya, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 30, zai so ya ƙaru da kusan santimita 35. Shi ya sa ake barin 'yar tazara a mahaɗin ƙarafan tsohon layi. Da damina kuma ruwa yakan kwashe tsakuwa da ƙasa daga ƙarƙashi, musamman a bakin kwalbati, ya bar ƙarfe a rataye. Ga kuma annobar satar ƙarafa da notina, wadda ta addabi layukan da jirgi ya rage bi. Abin da ake gudu idan jirgi ya kauce daga kan dogo ba ƙarami ba ne. Tsofaffin Kafanchan har gobe suna tuna haɗarin Langalanga na watan Fabrairun 1970, a kan layin da ya nufi Makurɗi, cikin jihar Nasarawa ta yanzu, inda jirgi ya faɗi aka rasa rayuka masu yawa.

Harshen Aiki

Yanzu mun iso inda abin ya fi shafar mu. Idan mai karatu ya lura, kusan kowace ƙa'ida da ta gabata saƙo ne daga wani zuwa wani. Tuta magana ce: ja tana nufin tsaya, kore tana nufin wuce. Ɗaga hannu biyu sama a gaban jirgi yana nufin haɗari, a tsaya. Da dare, kaɗa kowace irin fitila da ƙarfi yana nufin haka. Harshe ne mai kalmomi kaɗan, kuma ƙarfinsa shi ne kowace alama ma'anarta ɗaya tak. Mu da muke alfahari da kalma mai harshen damo a waƙa da karin magana, a bakin dogo ita ce abokiyar gaba.

Maganar baki ma an yi mata ƙa'ida. Mai magana yakan faɗi ko shi wane ne da inda yake. Mai saurare yakan maimaita saƙon da bakinsa, ba ya cewa "to" kawai. Lambobi ana faɗinsu ɗaya bayan ɗaya. Kuma ana guje wa jimlar korewa wajen ba da gargaɗi, domin idan ƙara ta cinye kalmar korewar, saƙon juyewa yake yi.

Mu gwada wannan da Hausa. Idan ka ce wa mutum "Kada ka tsallaka!" a cikin ƙarar inji, kalmar farko ta ɓace, abin da ya isa kunnensa shi ne "ka tsallaka". Haka "jirgi ba zai tsaya ba" yana iya zama "jirgi zai tsaya". Mafita ita ce a zaɓi kalmar da ko rabinta aka ji ba za ta juya ba: "Tsaya!" ko "Fita!" ko "Hanya a rufe take." Dubi kuma kalmar "tashi". "Ya tashi" yana iya nufin jirgi ya bar tasha, ko inji ya kama, ko wani ya miƙe tsaye. "Biyu" da "biyar" farkonsu ɗaya ne, a waya mai shaƙewa sai a ji ɗaya a madadin ɗaya, saboda haka maimaitawa ta zama dole. "Dama" da "hagu" da "gaba" da "baya" sun dogara ne da inda mai magana ya fuskanta. Kakana ya ce a ayarinsu ba a amfani da su, sai dai a kira sunan gari: "Jirgi daga Zonkwa!" ko "Jirgi daga Kagoro!" Kowa ya san inda zai duba. Sai kuma kalmomin lokaci irin su "yanzu-yanzu" da "an jima" da "ya kusa", waɗanda a gida ba su da laifi, amma a bakin dogo ba su da awo.

Akwai kuma wata matsala ta al'ada. An tarbiyyantar da mu cewa yaro ba ya ɗaga wa babba murya, kuma ba a fara magana sai an yi gaisuwa. Horon dogo yana koyar da cewa ƙaramin lebura yana da iko, har ma wajibi ne a kansa, ya daka wa injiniya tsawa idan ya ga jirgi. Yana kuma da ikon cewa "Ranka ya daɗe, ban gane ba, a maimaita." Mutum nawa ne a cikinmu suke cewa "na gane" don kunya kawai? A yanki irin kudancin Kaduna, inda Hausa take harshe na biyu ga mutane da yawa, kuma Hausar Kafanchan ta sha bamban da ta Kano ko Sakkwato a lafazi da wasu kalmomi, wannan tambaya tana da nauyi.

Maƙwabtan Dogo

Ma'aikaci an horar da shi, an kuma ajiye masa mai tsaro. Mai talla da ɗan acaɓa da makiyayi da ɗan makaranta da manomin da yake ɗauko citta daga gona ba su da ko ɗaya, alhali kullum suna tsallaka dogo. Su ma akwai abin da ya kamata su sani. A tsallaka a inda aka tanada, a tsaya, a duba ɓangare biyu, a saurara. Direba kada ya hau dogo sai ya ga akwai wurin da motarsa za ta fita gaba ɗaya a ɗaya gefen. Idan mota ta mutu a kan dogo, kowa ya fita nan take, a yi nesa da dogo ana karkata zuwa ɓangaren da jirgi yake fitowa, domin tarkace gaba jirgi yake watsa shi. Makiyayi kada ya bi dabba cikin dogo idan jirgi ya taho. Kada kuma wanda ya kwanta ko ya zauna a kai don yana ganin jirgi ya daina bi.

Misalai biyu sun isa. A watan Mayun 2020, lokacin kullen korona, wasu leburori a kusa da Aurangabad ta ƙasar Indiya suka gaji da tafiyar ƙasa suka kwanta a kan dogo, jirgin kaya ya bi ta kansu, mutum 16 suka rasu. A ranar 9 ga Maris, 2023, jirgi ya yi karo da wata bas mai ɗauke da ma'aikata a wata mahaɗar titi da dogo a Ikeja ta jihar Legas, mutum shida suka rasu, da dama suka jikkata. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Inda Aikinmu Yake

Jirgi yana dawowa ƙasar Hausa da maƙwabtanta. A watan Yulin 2016 aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna, mai faɗin milimita 1,435, wanda ya ratsa ta Jere da Rijana, kuma jiragensa sun fi na da gudu nesa ba kusa ba. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, da na Kaduna zuwa Kano, da kuma gyaran tsohon layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda shi ne ya bi ta Kafanchan. Duk ranar da jirgi ya dawo da zirga-zirga sosai, zai tarar da mutanen da suka manta da shi, tsofaffin da suka san ƙa'idarsa kuma suna ta ƙarewa.

A ganina akwai ayyuka uku a gabanmu. Na farko, tattara kalmomi. Hausa ta riga ta ari wasu ta mayar da su nata, kamar reluwe da tasha da tarago da diga da shebur da helma da lebura, ta kuma ƙirƙiri wasu da kanta, kamar "dogo" da "jirgin ƙasa". Akwai sauran da yawa a bakin tsofaffin ma'aikata a Kafanchan da Zariya da Kaduna da Kano waɗanda ba a rubuta ba. Wannan kundin digiri ne guda yake jiran mai ɗauka. Na biyu, daidaita kalmomin gargaɗi, a gwada su a cikin hayaniya, a kuma gwada su a kan waɗanda Hausa ba harshen uwarsu ba ce, a ga wanne ne ba ya rikiɗa. Na uku, fassara da watsawa: allunan gefen hanya da boko da ajami, gajerun saƙonni a rediyo, darasi a firamare, da haɗa kai da masu nazarin Tyap da Jju da Hyam da Fulatanci domin saƙon ya shiga kowane gida. Fassarar gargaɗi ba wurin nuna gwaninta ba ne. Ma'auninta shi ne tsohuwa mai ɗauke da itace ta ji sau ɗaya ta gane.

Kammalawa

A wannan maƙala an ga yadda Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, da dalilan da suka sa jirgi ba ya iya kauce wa mutum, da ƙa'idojin da ake koya wa ma'aikaci, da kuma matsayin harshe a cikinsu. Kakana ya rasu, kuma sai bayan rasuwarsa na gane cewa ban rubuta ko kalma ɗaya daga bakinsa ba, sai abin da ƙwaƙwalwa ta riƙe. Akwai irinsa da suka rage a unguwannin reluwe na garuruwanmu. Ina kira ga duk ɗalibin da zai je hutu kusa da wata tsohuwar tasha, ya ɗauki biro da takarda ya nemi ɗaya daga cikinsu, ya gaishe shi, ya tambaye shi yadda suke cewa "jirgi na zuwa". Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyashe mu, ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.